Taura biyu ba ta taunuwa: Yadda Amurka ta gina filayen wasan haɗaka, ta dawo tana rushe su

Da safiyar ranar 11 ga Fabrairun 2001, dubban mazauna birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka suka yi cirko-cirko a bakin kogi cikin tsananin sanyi, suna jiran a tayar da nakiyoyin da aka dasa a jikin filin wasa na Three Rivers. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ginin ya durƙushe, ƙura ta turnuƙe sama. Shekarunsa 30 ne da 'yan watanni, domin a watan Yulin 1970 aka buɗe shi, bayan an kashe masa kimanin Dala miliyan 55. Siminti da ƙarfen jikinsa ba su gaza ba. A cikinsa ƙungiyar Pirates ta yi zamanin da ta ci kofin besbol sau biyu, a 1971 da 1979, a cikinsa kuma ƙungiyar Steelers ta yi zamanin da ta ɗauki babban kofin zari-rugar Amurka har sau huɗu. Duk da haka, a shekarar da aka rushe shi aka buɗe sababbin filaye biyu a gefensa, kowace ƙungiya da nata.

Abin da ya faru a Pittsburgh ya faru a Seattle a 2000, da Cincinnati a 2002, da Philadelphia a 2004, da St. Louis a 2005. Gine-gine ne da aka yi galibinsu da kuɗin jama'a a kan hujjar tsimi, wato a gina fili ɗaya ya wadatar da wasanni biyu. Tarihin tashinsu da faɗuwarsu ya nuna yadda dabarar da ta yi kyau a takardar kasafi take iya cin karo da zahiri, ya kuma nuna wanda yake biyan kuɗin gyara idan hakan ta faru.

Yadda aka faro

Wasanni biyu ne suka fi jan 'yan kallo zuwa manyan filaye a Amurka. Na farko shi ne besbol, wanda ake jefa ƙaramar ƙwallo wani ya make ta da gora, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu. Na biyu shi ne abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, amma da hannu aka fi yin sa, kuma ya fi kama da zari-ruga, shi ya sa ake ce masa zari-rugar Amurka.

A farkon ƙarni na 20, besbol ne sarki. Masu ƙungiyoyinsa ne ke gina filayensu da kuɗinsu a tsakiyar unguwanni, kamar Forbes Field na Pittsburgh da aka buɗe a 1909 da Crosley Field na Cincinnati da aka buɗe a 1912. Ƙungiyoyin zari-ruga kuwa 'yan haya ne, suna raɓawa a filayen besbol idan kaka ta yi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu lamarin ya sauya. Masu hali suka riƙa ƙaura daga tsakiyar birane zuwa sababbin unguwannin bayan gari, mota ta zama abin hawan kowa, gwamnatin tarayya kuma ta shiga shimfiɗa manyan hanyoyi a ƙarƙashin dokar 1956. Tsofaffin filayen suka zama takura, ga tsufa ga rashin wurin ajiye mota. A daidai lokacin ne ƙungiyoyi suka gano cewa za su iya tattara komatsansu su koma inda aka fi yi musu tayi. Braves ta bar Boston zuwa Milwaukee a 1953 saboda an gina fili a can da kuɗin hukuma. A 1958 kuma Dodgers da Giants suka bar New York zuwa California. Magadan gari suka shiga fargaba, domin babu mai son a ce a zamaninsa ƙungiyar birni ta gudu.

Ita ma zari-ruga ta riga ta yi ƙarfi, talabijin ya shigar da ita gidaje, ba ta kuma yarda a ci gaba da ɗaukar ta a matsayin 'yar raɓe ba. Hukumomin birane suka tsinci kansu da masu buƙata biyu da aljihu ɗaya. Lissafin kuwa a bayyane yake: fegi ɗaya, harsashi ɗaya, filin ajiye motoci ɗaya, ma'aikata ɗaya, bashi ɗaya. Besbol na gudana daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, zari-ruga daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, don haka ginin ba zai daɗe a rufe ba.

Filin farko na wannan salo shi ne na birnin Washington da aka buɗe a 1961, wanda daga baya aka sa masa sunan Robert F. Kennedy. Sai Shea na New York a 1964, da Astrodome na Houston da na Atlanta a 1965, da na St. Louis da Oakland a 1966, da San Diego a 1967, da Cincinnati da Pittsburgh a 1970, da Veterans na Philadelphia a 1971, da Kingdome na Seattle a 1976, da Metrodome na Minneapolis a 1982. A shekarar 1975 ma ƙungiyoyi huɗu ne suka yi amfani da Shea a kaka guda: Mets da Yankees na besbol, da Jets da Giants na zari-ruga.

Matsalar siffa

Babbar illar waɗannan filaye tana cikin siffar wasannin kansu. Dandalin zari-ruga dogo ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa kimanin mita 110, faɗinsa kimanin mita 49. Wasan yana kai-komo ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don haka kujerar da ta fi daraja ita ce ta gefe, daidai layin tsakiya. Dandalin besbol kuwa kamar buɗaɗɗen mafici yake. Yana farawa daga tsini ɗaya inda mai gora ke tsayawa, ya buɗe ta hagu da dama kimanin mita 100, ta tsakiya kuma kimanin mita 120. Kusan duk abin kallo yana faruwa ne a kusa da wannan tsini, don haka nan 'yan kallo ke son taruwa.

Siffar da za ta iya haɗiye waɗannan biyu ita ce da'ira ko abin da ya kusance ta. Masu zanen gini suka yi katafaren kwano na siminti, suka ɗora wasu sassan kujerun ƙasa a kan dogo irin na jirgin ƙasa, ana tura su gaba ko baya gwargwadon wasan da za a yi. Dabarar ta yi aiki, amma kowane ɓangare ya tafka asara. Mai kallon zari-ruga da ya sayi tikitin layin tsakiya, wato mafi tsada, shi ne ya fi kowa nisa da wasan, saboda a nan da'irar ta fi buɗewa. Mai kallon besbol kuma sau da yawa kujerarsa tana fuskantar wani wuri daban da inda ake jifa, sai ya shafe awa uku wuya a karkace. Waɗanda ke benen sama kuwa kamar tururuwa suke hango 'yan wasa. Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallon ƙafa a filin da aka kewaye da hanyar tsere, kamar na ƙasa da ke Abuja, ya san yadda tazarar 'yan mitoci ke rage armashin kallo. A filayen haɗaka na Amurka tazarar ta kan zarce haka.

Sai kuma batun girma. Ƙungiyar zari-ruga wasa bakwai ko takwas take yi a gida a kakar wancan zamani, kowane wasa tamkar salla ne, tana iya cika kujeru 60,000 ko fiye. Ƙungiyar besbol kuwa wasa 81 take yi a gida duk shekara, da yawa a daren ranakun aiki. Mutum 25,000 taro ne mai kyau a besbol, amma idan aka zuba su a kwanon da aka yi wa mutum 60,000, sai wurin ya zama kamar kasuwar da ta watse. Wannan yana da illa ta fuskar ciniki. Idan kowa ya san ba a rasa kujera, babu mai hanzarin sayen tikitin kaka gaba ɗaya, sai ya jira ya ga yanayin gari da ƙoƙarin ƙungiya. Wasu ƙungiyoyin har lulluɓe kujerun sama suka riƙa yi da tamfol don a rage ganin gurabe.

Ƙari a kan haka, gine-ginen sun yi kama da juna kamar bulon da aka buga a inji ɗaya, har Amurkawa suka yi musu laƙabi mai wannan ma'ana. An ruwaito ɗan wasan besbol Richie Hebner yana cewa idan ya tsaya zai make ƙwallo a Philadelphia, ba ya iya tantance ko a can yake ko a Pittsburgh ko Cincinnati. Tsofaffin filayen unguwa kowanne da kamanninsa, saboda an gina su ne gwargwadon yadda tituna suka ba da dama. Sababbin kuwa an dasa su ne a tsakiyar tekun kwalta, babu abin da ke nuna garin da mutum yake.

Ciyawar roba da gwiwoyin 'yan wasa

A watan Satumba kakannin biyu ke haɗuwa, kuma a nan zaman ya fi tsami, kamar kishiyoyi biyu a ɗaki ɗaya. A filayen da ke da ciyawar gaske, 'yan zari-ruga suna wasa ne a kan jar ƙasar da ke tsakiyar dandalin besbol. Mai gudu zai fito daga ciyawa ya faɗa tsandauri, idan an yi ruwa kuma ya faɗa taɓo. Su kuma 'yan besbol sai su dawo su tarar manyan ƙarti sun tattake ciyawar, kujerun da aka turo sun kashe wani sashe nata, a daidai lokacin da ake fafutukar neman kofi.

Maganin da aka samo ya fito ne daga Houston. Astrodome rufaffen fili ne, an yi masa rufi mai shigar da haske don ciyawa ta rayu. Sai hasken ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido, aka shafe wani ɓangare na rufin da fenti, ciyawar ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ciyawar roba mai suna AstroTurf. Da yawa daga cikin sauran filayen haɗaka suka rungume ta, har da waɗanda ba su da rufi, domin ba ta buƙatar ban-ruwa kuma tana jure tattaka.

Sai dai ciyawar roba ta wancan zamani darduma ce marar kauri a kan kwalta ko siminti. Da rani tana ɗaukar zafi har ya ratsa takalmi. Tana goge fata, tana gajiyar da gwiwa da baya, har likitoci suka raɗa wa wani rauni na babban yatsan ƙafa sunanta. Mafi muni shi ne wuraren haɗi, inda ake toshe gurabun ƙasar besbol da gutsattsarin darduma idan za a yi zari-ruga. Filin Veterans na Philadelphia ya yi ƙaurin suna a kan wannan. A watan Oktoban 1993, ɗan wasan Chicago Bears, Wendell Davis, ya yi tsalle zai cafe ƙwallo a can, jijiyoyin gwiwoyinsa biyu suka tsinke a lokaci guda, kuma bai sake buga wasan gasa ba. A watan Agustan 2001 aka soke wasan share fage tsakanin Eagles da Baltimore Ravens a filin, 'yan kallo na zaune, saboda an ga shimfiɗar ba ta da aminci.

Inda kuɗi suke

Da ƙorafin 'yan kallo da na 'yan wasa ne kaɗai, da wataƙila gine-ginen sun kai yau. Abin da ya yanke musu hukunci shi ne lissafin masu ƙungiyoyi. A filin haɗaka hukuma ce mai gida, ƙungiyoyi biyu 'yan haya. Dole a yi rabon kuɗin ajiye motoci, da na abinci, da na allunan talla, a kuma yi ta jayayya kan jadawali da wanda zai biya kuɗin sauya fasalin fili.

Daga shekarun 1980, babbar riba ta koma ga ɗakunan alfarma, wato keɓaɓɓun ɗakuna masu gilashi da kamfanoni ke kamawa na shekara don karrama abokan hulɗarsu. A tsarin hukumar zari-ruga ta NFL na wancan lokaci, kuɗin tikitin gama-gari ana raba shi da ƙungiyar da ta zo baƙunta, amma kuɗin waɗannan ɗakuna galibi na mai gida ne. Ga kuma kuɗin sayar da sunan fili ga kamfani. Duk mai ƙungiya ya fahimci cewa filinsa na kansa, wanda aka zana don ɗakunan alfarma su kasance a wuri mafi kyau, ya fi masa zaman tarayya nesa ba kusa ba.

Misalin wata hanya ya daɗe a gabansu. A birnin Kansas City an ƙi bin yayi tun farko, aka gina filaye biyu maƙwabtan juna da ke tarayya a wurin ajiye motoci: Arrowhead na zari-ruga a 1972, da na besbol a 1973. Sun fi tsada a lokacin, amma sun ga bayan kusan duk sa'o'insu na haɗaka.

Abin da ya karya kwarin tsohon salo shi ne Camden Yards na Baltimore. Birnin ya ɗanɗana kuɗarsa a watan Maris na 1984, lokacin da ƙungiyar Colts ta loda kayanta a manyan motoci cikin dare ta koma Indianapolis. Don kada ƙungiyar besbol ta Orioles ita ma ta bi sahu, jihar Maryland ta gina mata fili nata ita kaɗai, aka buɗe shi a watan Afrilun 1992. An yi shi da jan bulo da ƙarfe a tsakiyar birni, da ciyawar gaske, da kujeru ƙasa da 50,000 duk suna fuskantar wasa, aka kuma bar wani tsohon sito na kamfanin jirgin ƙasa a matsayin bango daga baya. Jama'a suka yi ta tururuwa. Cleveland ta bi sahu a 1994, ta bar tsohon filin da ke ɗaukar mutum sama da 70,000 ta koma ƙarami, kuma daga 1995 zuwa 2001 ta sayar da tikitinta kaf a wasanni 455 a jere. Daga nan babu mai ƙungiyar da ya sake yarda da kwanon siminti.

Oakland ce ta ƙarshe, kuma labarinta ya tattara duk illolin. Don a dawo da ƙungiyar Raiders daga Los Angeles a 1995, birnin da gundumarsa suka ci bashin kimanin Dala miliyan 200, aka gina wani dogon bene na kujeru da ɗakunan alfarma. Benen ya toshe tsaunukan da masu kallon besbol suka saba hangowa, ya ƙara wa filin girman da ƙungiyar Athletics ba ta buƙata. Duk da haka Raiders ta tafi Las Vegas bayan kakar 2019, kuma da tafiyarta aka daina ganin wasan NFL a kan ƙasar besbol. Ita ma Athletics ta buga wasanta na ƙarshe a filin a watan Satumban 2024. Filin da aka yi don ƙungiyoyi biyu ya wayi gari babu ko ɗaya daga cikinsu.

Wa ya biya?

Masu kallo sun samu kujeru mafi kusa, 'yan wasa sun samu shimfiɗa mafi aminci, masu ƙungiyoyi sun ga darajar dukiyarsu ta ninka. Amma a mafi yawan biranen, kaso mai tsoka na kuɗin sababbin filayen daga baitulmali ya fito, kuma maimakon gini ɗaya sai aka koma biyu.

A Seattle, an rushe Kingdome a watan Maris na 2000 yana da shekara 24, alhali ba a gama biyan bashinsa ba, musamman na gyaran rufin da wasu fale-falensa suka faɗo a 1994. Sai a 2015 gundumar ta kammala biyan kuɗin ginin da babu shi. A gundumar Hamilton da birnin Cincinnati yake, masu zaɓe sun amince a 1996 da ƙarin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a harajin saye da sayarwa don gina filaye biyu, aka kuma yi musu alkawarin rangwame a harajin gidaje. Kuɗin shiga bai kai yadda aka yi hasashe ba, yarjejeniyar haya kuma ta ɗora wa gundumar nauyin gyare-gyare. Daga baya sai da aka rage rangwamen da aka alkawarta, aka kuma sayar da wani asibitin gunduma don cike giɓi. A yankin Pittsburgh ma masu zaɓe sun ƙi amincewa da ƙarin haraji a 1997, amma hukumomi suka nemo wata hanyar haɗa kuɗin gwamnati aka gina filayen.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna jan kunne. Binciken da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka jagoranta, wanda cibiyar Brookings ta wallafa a 1997, ya nuna cewa filayen wasa ba su cika haɓaka tattalin arzikin birni ba. Dalilin mai sauƙi ne: kuɗin da magidanci ya kashe a filin wasa, da ma zai kashe shi ne a gidan abinci ko silima a garin.

Su kansu filayen wasa ɗaya ba su tsira daga rushe-rushe da ƙaura ba. Atlanta misali ce da 'yan Najeriya za su tuna. Filin da Chioma Ajunwa ta ci zinare a tsallen nesa a gasar Olamfik ta 1996 an zana shi ne tun farko don a mayar da shi na besbol. Bayan gasar aka sauya fasalinsa aka ba ƙungiyar Braves, aka rushe tsohon filin haɗaka da ke gefensa a 1997 aka mayar da wurin ma'ajiyar motoci. Kaka 20 kacal Braves ta yi a sabon filin, ta koma wata gunduma ta bayan gari a 2017, inda aka sake zuba kuɗin jama'a. Ita kuwa jihar Nevada Dala miliyan 750 ta ware daga harajin otal-otal don filin Raiders a Las Vegas. Wannan ya nuna cewa siffar gini rabin matsalar ce kawai, sauran rabin kuma shi ne ƙarfin da barazanar ƙaura ke bai wa masu ƙungiyoyi a kan hukumomin birane.

Tunanin haɗaka bai mutu kwata-kwata ba, salo ya sauya. Filin Tottenham Hotspur da aka buɗe a Landan a 2019 yana da ciyawar ƙwallon ƙafa da ake janyewa ta shige ƙarƙashin kujeru, a bayyana wata shimfiɗa ta daban don wasannin NFL. Abin ya yiwu ne saboda wasannin biyu duk a dandali mai kusurwa huɗu ake yin su, kuma kowanne da shimfiɗarsa. Haɗa mafici da dogon dandali a kwano ɗaya ne dai aka yi watsi da shi.

Biranen da suka zaɓi haɗaka a shekarun 1960 ba wauta suka yi ba, sun yi lissafin kuɗin gini ne daidai, amma ba su sa lissafin wanda zai zauna a kujera da wanda zai karɓi kuɗin ƙofa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A Pittsburgh da Cincinnati da Seattle, arahar ta kai shekara 24 zuwa 32, sannan masu biyan haraji suka sake zura hannu a aljihu don gina filaye biyun da aka guje wa tun farko.